An Sayi Doki An Manta Linzami: Wasiƙa Daga Shagon Caji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana masu shirin sayen sabuwar waya, tunda kaka ta yi, an fara kai riɗi da wake kasuwa, kuɗi ya ɗan shigo hannu. Ni ba ɗan jarida ba ne, ba kuma mai sayar da waya ba. Shagon caji gare ni a Wudil, yau shekara goma sha ɗaya. Na yi difloma a fannin lantarki, aikin gwamnati bai samu ba, sai na kafa tebur da ƙaramin inji da soket arba'in. Yanzu ramukan sun haura ɗari, kuma ranar Juma'a in kasuwar kara ta cika, da wuya ka ga ramin da babu waya a jikinsa. Kusan duk irin cajar da ake sayarwa a Farm Centre ko Beirut Road a Kano ta taɓa biyowa ta hannuna. Na san wadda take shekara, na san wadda ba ta kai wata Juma'ar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani dillalin shanu, abokin cinikina tun ina da tebur ɗaya. Makon jiya ya shigo da sabuwar waya fil, yana ta murmushi. Ya saya mata riga mai ƙyalli kamar ta amarya, ya sayi agogon hannu mai haɗuwa da ita, har da wata fitila mai zagaye da aka ce masa ta ɗaukar hoto ce, shi da ba ya ɗaukar hoton komai sai bijimai. Na ce, Alhaji, ina cajar da ta zo a kwali? Ya ce ya bar wa uwargida, shi ya sayi wata a hannun wani yaro cikin cunkoson motoci a hanyar fitowa daga birni. Bayan kwana uku ya dawo ransa a ɓace, wai tun da ya kawo wayar shagona take danna kanta, tana buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba. Na zare cajarsa na sa tawa, waya ta natsu. Na mayar da tasa, ta sake haukacewa. Ya yi shiru. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, mu masu caji mun saba.

Wannan rawar da gilashin waya ke yi in an jona ta, alama ce ta cajar da ba ta tace wuta yadda ya kamata. Kuma a nan ne nake so in daɗe, domin cikin duk tarkacen da ake rataya wa sabuwar waya, abin da wuta ke bi ta cikinsa shi ne wanda ba a yi wa rowa. Riga in ta yi muni, ido kawai za ta ɓata wa rai. Caja in ta yi muni, tana iya cinye batir, tana iya ƙona abin da ke karɓar caji a cikin wayar, tana ma iya jan mai riƙe da ita.

Saboda haka aikin farko ba saye ba ne, buɗe kwali ne a gaban mai shago. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, Tecno da Infinix da itel, galibi suna zuwa da kan caja da igiyarta, sau da yawa har da 'yar rigar roba mai garai-garai. Amma ba kowane kamfani ba. Apple ya daina saka kan caja a kwali tun daga iPhone 12 a shekarar 2020, Samsung ya bi sahu da Galaxy S21 a 2021. Wanda ya sayi irin waɗannan, ko ya sayi ta hannu wadda babu kwali, to ya sa kuɗin caja cikin lissafi tun daga gida. Wanda kuma tasa ta zo da ita, wato abin da 'yan kasuwa ke cewa folo-kam, ya riƙe ta kamar takardar gida. Kada ya ba da aro, kada ya bar ta a shagon caji irin nawa, don a nan musanya ba ta da wuya.

In dole sai an saya, a juya kan cajar a karanta ƙananan rubutun da ke jiki. Wurin da aka rubuta wutar da take karɓa, a nemi 100 zuwa 240V. Wutarmu ta Najeriya a takarda 230V ce, amma kowa ya san akwai daren da ƙwan fitila ke ja kamar garwashi, kuma caja ta gari tana ci gaba da aiki a hakan. Wurin wutar da take fitarwa kuma za ka ga misali 5V da 2A. Ka ninka su, ya ba ka wat 10. Wayoyin yanzu da yawa suna karɓar wat 18 ko 33 ko 45, kuma an rubuta a kwalinsu. Mutane suna tsoron wai caja mai wat da yawa za ta fasa ƙaramar waya. In cajar ta gaskiya ce, wayar ce ke faɗin abin da take buƙata, ita kuma ta ba ta daidai nan. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne cajin gaggawa yare ne, kuma ba kowane kamfani ke jin na wani ba. Sai ka sayi caja mai wat 33 ta wani kamfani, ka jona wayar wani, ta riƙa tafiyar hawainiya, ka ce an cuce ka, alhali ba su fahimci juna ba ne kawai. A gwada a shago, a ga wayar ta nuna alamar cajin gaggawa kafin a miƙa kuɗi.

Sannan a auna ta a tafin hannu. Jabu ba ta da nauyi, domin an cire rabin abin da ya kamata ya kasance a ciki. Na fasa da yawa da guduma don in gani. In ka ji tana ƙara siririya kamar sauro, ko ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, ko ka taɓa gefen wayar ka ji tsir-tsir a yatsa, kada ka jira ta mutu da kanta. Kuma a nemi mai ƙafa uku irin soket ɗinmu. Mai ƙafa biyu zagayayyu, irin wadda ake amfani da ita a Nijar, ita ce ke sa mutane cusa tsinken ashana ko murfin biro a ramin sama don na ƙasa su buɗe. Na ga wanda ya cusa makullin babur. Allah ya kiyaye.

Igiyar caja kuwa, ita ce marainiyar da ba mai kula da ita, kuma rabin masu cewa batirinsu ya mutu, igiyarsu ce ta mutu. Tagullar da ke cikin ta banza siririya ce kamar gashi, wuta na ragewa a hanya kafin ta isa. In ta yi tsawo da yawa, ragin ya ƙaru. Mita ɗaya mai kauri ta fi mita uku mai kyan launi. A duba wuyanta, wato inda igiya ta haɗu da kai, don a nan take karyewa, musamman ga masu kwanciya suna latsa waya tana caji. Yawancin sababbin wayoyi yanzu bakin USB-C gare su, wanda muke cewa taif-si, mai shiga ta kowace fuska. Tarayyar Turai ma ta wajabta shi a kan sababbin wayoyi daga 28 ga Disamban 2024, kuma iPhone ta koma kansa tun iPhone 15 a 2023. Amma har yanzu akwai ƙananan wayoyi masu tsohon baki, don haka a duba kafin a saya, kada a je gida ana dannawa da ƙarfi.

Wata magana ta kyauta, tunda hunturu na tafe. In caja ta fara ƙin zama a bakin waya, kafin a je wajen mai gyara a kashe wayar, a sa tsinken sakace a hankali a zaƙulo. Abin da ke fitowa daga ramin nan na ƙura da zaren aljihu sai ka yi mamaki. Ban da allura, ban da fil.

Yanzu ga maganar da in na yi ta nake rage wa kaina ciniki: fawa-bank. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin caji ya tashi a wurinmu, ni kaina sai da na haɗa sola kafin na iya ci gaba. Wanda ke biyan kuɗin caji kullum, in ya tara na 'yan watanni ya isa ya sayi fawa-bank mai kyau. Ina faɗa wa abokan cinikina haka, wasu su ɗauka zolaya nake yi. Ai ko sun saya, nan za su kawo shi in cika musu.

Sai dai a nan ne aka fi yi wa mutane ganin kitse a rogo. Lambar da aka rubuta da manyan baƙi, 10,000mAh ko 20,000mAh, lissafin batirin ciki ne a kan 3.7V. Ita kuwa waya ana tura mata wuta a 5V ko fiye, kuma a wajen juyawar wani abu yana tafiya a zafi. Don haka mai 10,000 na gaskiya abin da zai ba ka bai wuce 6,000 da 'yan kai ba. Wayar yanzu mai batir 5,000mAh, cika ɗaya zai yi mata da ɗan ragowa. Ba cuta ba ce, haka lissafin yake, kuma kamfanonin kirki suna rubuta wannan lamba ta biyu da ƙananan baƙi a baya. Cutar ita ce a nuna maka abu kamar sabulun wanka a ce 50,000 ne. Batir nauyi gare shi. Mai 10,000 na gaskiya nauyinsa ya kai na waya ko ya ɗan fi, mai 20,000 kuma ya doshi ninki biyu. Su ma masu jabun sun gane ana aunawa a hannu. Wani ɗalibin jami'ar nan ta garinmu ya kawo min nasa wai ba ya riƙe wuta, muka buɗe, batir shida ne a jere, biyu ne kawai aka haɗa da wayar wuta, sauran huɗun yashi ne a ciki. Yashi, Edita, irin wanda ake ɗiba a bakin kogin Wudil, an kai shi wata ƙasa ko an kawo, Allah masani, an sayar masa.

Tambayar da ba wanda ke yi a shago, kuma ita ce ta fi muhimmanci a garin da ake kawo wuta awa uku a ɗauke: shi fawa-bank ɗin, awa nawa yake ɗauka kafin ya cika? Mai 20,000 in da cajar wat 10 ake cika shi, sai ya haura awa takwas. In yana karɓar wat 18, wajen awa biyar. Mutum ya sayi randa babba alhali famfon unguwarsu ɗigo yake yi, kullum randa rabi. A duba abin da yake karɓa kamar yadda ake duba abin da yake bayarwa. Ga mai zama cikin gari, 10,000 mai saurin cika ya wadatar. Direban babbar mota, ko mai bin kasuwannin ƙauye, ko makiyayi, shi ne mai buƙatar 20,000. Maniyyata aikin Hajji da Umara kuma su sani, a jirgin sama fawa-bank a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Kada a kai ƙato filin jirgi a baro shi can.

Akwai wani da ake yayi mai ɗan faifan sola a bayansa, ana cewa ka ajiye a rana ya cika. Faifan nan da bai fi tafin hannu ba, in ya yi ƙoƙari ya ba da wat ɗaya. Batirin 10,000mAh kuwa 37Wh ne. Ka yi lissafi da kanka, sai ya yi sati a rana bai cika ba, kuma kafin nan rana ta dafa batirin. Mai son sola ya sayi faifai daban mai doguwar igiya, faifai a rana, batir a inuwa.

Zafin nan shi ne babban abokin gabar batir a ƙasarmu, ya fi yawan caji illa. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayoyinsa ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Sai mutum ya sa wa waya riga mai kauri kamar bargo, ya jona ta a caji, ya tura ƙarƙashin matashi, ya kwanta. Bayan wata shida bayanta ya ɗago, a ce batir ya yi ciki. Batirin da ya kumbura ba abin wasa ba ne, ba a danne shi, ba a huda shi, sai a canza. In katafaren kamfani irin Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta, ina ga batirin da ba a san wanda ya ƙera shi ba? A shagona duk wayar da aka kawo da bazara sai na tuɓe mata riga kafin in jona. Wasu su yi ta mita, wai zan goge musu fenti.

Ba cewa nake kada a sa riga ba. Riga da gilashin kariya su ne abu biyu da nake so a sa tun kafin a fito daga shagon, domin sabuwar waya santsi gare ta, kuma faɗuwar farko ba ta sallama. Kuɗin canza fuskar waya ya ninka na gilashin kariya sau da yawa, garantin shekara guda da kamfanoni ke bayarwa kuma galibi bai shafi fashewa ko shigar ruwa ba. Rigar da ta dace ita ce ta roba mai laushi, mai kauri a kusurwa huɗu, wadda leɓenta ya ɗan ɗara fuskar wayar da idon kyamara tsawo, yadda in ka kifa ta a tebur gilashi ba zai taɓa ba. Ka gwada a nan take. Mai tauri kamar faranti, mai duwatsun ado, ita ce ke fara fashewa ta bar waya da ƙasa. Samarinmu suna da wani suna da suke kiran rigar roban nan da shi wanda ba zan rubuta a jaridar da dattawa ke karantawa ba.

Gilashin kariya kuma kusan kowanne an rubuta masa 9H, mutane na ɗauka ƙarfe ne. Ma'aunin taurin bakin fensir ne kawai. Yashi ya fi gilashi tauri, shi ya sa wayar da ke zama a aljihu ɗaya da ƙurar hunturu take yin zane ko ba ta taɓa faɗuwa ba. Amfanin gilashin shi ne ya karɓi zanen da bugun a madadin na asali, ya fashe a ɓare a sa wani. Don haka ba sai mafi tsada ba, amma ya zama na samfurin wayarka daidai, kuma a liƙa shi a cikin shago, ba a bakin titi iska na kaɗawa ba. Akwai mai duhu wanda na gefe ba ya ganin abin da kake yi. Ga mai POS ko mai yawan tura kuɗi a cikin jama'a yana da rana. Ga sauran mutane, duhunsa zai sa ka ƙure hasken waya, batir ya riƙa zuba.

Sai memori. A nan na ga hawaye. Wata baiwar Allah, maƙwabciyarmu, ta sayi mai giga 128 a farashin da ko mai 16 ba za a ba ka ba, ta yi murna ta yi sa'a. Ta kwashe hotunan bikin 'yarta da muryoyin mahaifinta marigayi da yake aiko mata ta WhatsApp ta zuba a ciki, ta goge na kan waya don ta sami wuri. Sunayen suna nan, in an taɓa ba abin da ke buɗewa. Yadda ake yin wannan cutar shi ne a ɗauki ƙaramin kati a sa shi ya riƙa yi wa waya ƙaryar girmansa. In ainihin cikinsa ya cika, sabon abu sai ya hau kan tsoho, ko ya tafi inda babu. Ba wanda ya iya dawo mata da su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ita ba ta san rariya aka ba ta ba, tunda sunan babban kamfani ne a jiki.

Kafin a sayi memori ma a duba ko ana buƙatarsa. Waya mai giga 128 ko 256 a cikinta ta ishi yawancin mutane. Wasu wayoyin ba su da ramin memori sam, wasu kuma rami ɗaya ne, ko layi na biyu ko memori, sai ka zaɓa. In za a saya, a je shago mai ƙofa wanda gobe za ka same shi, a karɓi rasit, kuma kafin a amince masa a cika shi da manyan bidiyo har ya kusa ƙarewa, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a gani. Abin da ba ka so ka rasa kuwa, kada ya zauna a wuri ɗaya tak.

Iyafis: ni na tsufa a kan mai igiya, kuma ina da hujja. Wayoyi da yawa ba sa kama rediyon FM sai an jona shi, domin igiyar ce eriya. Mutumin da ya saba jin labaran safe da shirye-shiryen siyasa na dare ba tare da ya ƙona data ba, ya duba ko sabuwar wayar tana da ramin nan zagayayye na milimita 3.5, don tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni ke ta bi. Na Bluetooth yana da daɗi, ban musa ba, musamman ga mai tuƙi ko mai aikin hannu, kuma a birni inda ƙwacen waya ya zama abin da ya zama, amsa kira ba tare da fito da waya ba wani abu ne. Amma wani baki ne da za ka riƙa ciyarwa da wuta. Kuma ɗan mitsitsin nan ana cire shi wajen alwala a ajiye a gefe, a tashi a manta. A cikin wata tsohuwar gwangwanin madara a shagona akwai guda goma sha huɗu da aka tsinta, duk ƙafa ɗaiɗai, ba wanda ya dace da wani. Ko wanne aka zaɓa, a rage ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba ke ɗauka lafiya shi ne ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako, in an ƙara ƙarfi lokacin ya ragu sosai. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ya yi yawa.

Sauran tarkacen, sandar ɗaukar hoto, madubin da ake maƙala wa kyamara, 'yar fankar sanyaya waya, sitikar da ake cewa tana tsare mutum daga tururin waya ko tana ƙara sabis, igiya mai kai uku mai walƙiya kamar motar biki, duk a bar su sai an yi wata guda da wayar. In har lokacin ana jin rashinsu, a koma. Ban haɗa da matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta waya ba. Ƙanwata na cikinsu, kuma mariƙin waya mai ƙafa uku da fitilar nan mai zagaye su ne shagonta, sun biya kuɗinsu tuntuni. Abin da ya zama kayan aiki ga wata, shi ne ya zama kayan wasa a hannun Alhajin shanu.

Akwai kuma wanda ba a saye da kuɗi, amma ana jefarwa a bola tun ranar farko: kwali da rasit. A danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali tun a shago. In ba su dace ba, a ajiye waya a fita. In sun dace, a rubuta lambar a littafi a gida. Ranar da aka sace waya, ko ranar da aka tare ka aka ce ta sata ce, wannan takardar ce za ta yi maka magana.

Shawarata ga mai kuɗin riɗi a aljihu ita ce tun a gida ya ware kashi ɗaya cikin goma ya sa a wani aljihun daban, na riga da gilashi da abin wuta. In kuɗin bai kai ba, ya sauko mataki ɗaya a wayar. Abin da na fi gani shi ne a ƙarar da komai a kan wayar, har a ciwo bashi, sannan a tsaya a bakin ƙofa da canjin da ya rage ana cewa yaro, ba ni caja ta ɗari biyar.

Ku ma 'yan jarida ina da ƙorafi a kanku, Edita. Duk sabuwar wayar da ta fito sai mun ga hotonta da adadin kyamarorinta, amma ban taɓa ganin an aiki wakili kasuwa ya sayo caja goma da fawa-bank goma da memori goma, a kai wa masu gyara su fasa a gaban kyamara, a buga abin da aka gani da Hausa ba. Rubutun da ke jikin kayan nan duk da Turanci ne ko Sinanci, da baƙi ƙanana kamar ƙwayar gero, masu saye kuwa da yawansu ajami ko Hausar boko kawai suke karantawa. In kun shirya yin haka, ina da guduma da na'urar awon wuta, ina kuma da buhu guda na matattun caja da na tara a bayan shago. Ku zo kowace rana ban da Juma'a.

Shi kuwa Alhaji, ya karɓo cajarsa daga wajen uwargida, ya ba ta ta cikin cunkoson. Na ce masa ita ma wayarta waya ce. Ya ce zai duba in an sayar da bijimin da ke hannunsa.

Wassalam.

Naku,
Mai shagon caji,
Wudil, Jihar Kano.